Basalt da rayolayit: launi ba shi ne hukunci ba

Dukansu biyu narkakken dutse ne da ya fito doron ƙasa ya daskare da wuri, shi ya sa ƙwayoyinsu ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya rarrabe su. Daga nan kuma sai kowanne ya kama gabansa, kuma abin da ya raba su shi ne yawan silika, wato sinadarin da ya fi yawa a yashi da gilashi. Basalt yana da kashi 45 zuwa 52 cikin ɗari, rayolayit kuwa daga wajen kashi 69 zuwa sama. Wasu duwatsun, andisayit da dasayit, suna tsakani.

Sunan basalt ya shigo ta hannun masanin ma'adanai Bajamushe Georgius Agricola a 1546, daga wata kalmar Latin. Rayolayit kuwa masanin duwatsu Bajamushe Ferdinand von Richthofen ne ya raɗa masa suna a 1860, daga kalmar Girkanci mai nufin kwarara. Sunan yana ruɗarwa, domin wannan dutsen da ƙyar yake kwarara.

Ga dalili. Basalt yana fitowa da zafin digiri 1,100 zuwa 1,250 a ma'aunin salshiyos, tsararo kamar koko, yana malala kilomitoci masu yawa, iskar da ke cikinsa tana fita cikin sauƙi. Rayolayit bai cika wuce digiri 700 zuwa 900 ba, kuma silikar ta ɗaure shi ya yi kauri kamar tuwon da aka gama tuƙawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tukunyar talge ya san yadda tururi ke taruwa a ƙasa har ya fashe ya yi fallatsa. Haka iska da tururin ruwa ke maƙalewa cikin rayolayit har su tarwatsa dutsen, kamar yadda ya faru a dutse mai aman wuta na Chaitén a ƙasar Chile a 2008. Saboda haka yawancin rayolayit ba a samunsa a matsayin malala, sai dai toka da dutsen kumfa mai yawo a kan ruwa.

Asalinsu ma ba ɗaya ba ne. Basalt daga can ƙarƙashin ɓawon ƙasa yake, inda dutse mai zafi ke tasowa, nauyin da ke danne shi ya ragu, wani ɓangare nasa ya narke. Shi ne shimfiɗe a ƙasan tekuna, shi ne a Hawai da tsaunukan Deccan na Indiya. Rayolayit kuwa hanya biyu ce: ko narkakken basalt ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa, ma'adanai masu ƙarfe su riƙa daskarewa suna fita, ragowar ya cika da silika, ko kuma zafinsa ya narkar da ɓawon ƙasar kansa. Da rayolayit bai fito ba ya huce a hankali, da giranit ya zama, kamar yadda basalt kan zama gabro, duka biyun duwatsu masu manyan ƙwayoyi. A Najeriya akwai duka biyun: basalt a tudun Biu da kewayen Panyam a Filato, rayolayit kuma a duwatsun Ningi, wanda ya girmi basalt ɗin Biu da shekaru fiye da miliyan 100.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce baƙi basalt ne, mai haske rayolayit. Sau da yawa haka ne, amma obsidiyan, dutsen da ya daskare ya zama gilashi, baƙi ne wuluk kamar kwalba, alhali sinadarinsa na rayolayit ne. Basalt da ya sha ruwa da rana kuma bayansa kan koma ja ko ruwan ƙasa. Don haka a fasa dutsen da guduma a duba sabon ciki, da madubin hannu mai ƙara girma sau 10. In an ga ƙwayoyin kwaz, ma'adanin silika zalla, masu sheƙi kamar gilashi, waɗanda wuƙa ba ta kartarsu, an doshi rayolayit. In kuwa koraye ne kamar ruwan kwalba, olibin ne, alamar basalt. A auna a hannu: basalt ya kai kusan giram 3 a kowace santimita kubik, rayolayit wajen 2.5. Garin basalt ma yakan ɗan manne wa maganaɗisu.

Hukuncin ƙarshe na ɗakin gwaji ne. In ƙwayoyin sun ƙidayu a madubin likita, ana kasa dutsen bisa yawan fararen ma'adanansa, wato kwaz da nau'o'in wani ma'adani da ake kira felsifa. A rayolayit kwaz yana kama kashi 20 zuwa 60 na fararen ma'adanan. In ba su ƙidayu ba, sai a niƙa samfurin a auna, a ɗora sakamakon kan jadawalin da ya ba kowane dutse gidansa, silika a gefe guda, sodiyam da fotasiyam a haɗe a ɗaya gefen, bayan an cire ruwa da iskar kabon daga lissafi an maido jimlar ɗari. Nan ake yawan yin tuntuɓe: samfurin da ya ruɓe ya riga ya rasa sodiyam ɗinsa, sai ya faɗa gidan da ba nasa ba.

Masu gini ma abin ya shafe su. Tsakuwar rayolayit mai gilashi tana iya yin faɗa da sinadarin siminti in akwai danshi, ta kumbura, kankare ya tsattsage bayan wasu shekaru. Kafin a zuba ta a gada ko madatsar ruwa, sai an gwada ta.