Yadda muka tsara kundin ƙwarewar lauyoyi a ofishinmu

Ofishin lauyoyin da nake aiki a cikinsa a birnin Katsina ya daɗe yana dogaro da ƙwaƙwalwar shugabanmu wajen sanin wanda ya taɓa riƙe wace irin shari'a. Duk lokacin da wani banki ko wata ma'aikata ta nemi tarihin ayyukanmu kafin ta ba mu aiki, sai a shiga ɗakin ajiya ana kaɗe ƙurar tsofaffin fayiloli, ana kiran waɗanda suka bar ofishin a waya. Ni aka ɗora wa alhakin tattara wannan sani a wuri guda.

Tun farko na ƙi yarda da shawarar a raba wa lauyoyi fom kowa ya rubuta fannin da ya ƙware a kai, domin lauya ba ya cewa bai iya ba. Na zaɓi fayil ya yi magana. Na buɗe jadawali a manhajar kwamfuta ta Excel, kowace shari'a da layinta: lambar ƙara, kotun da ta saurara, shekara, nau'in rikicin, yadda aka ƙare, da kuma rawar da kowane lauya ya taka.

Wannan gurbi na ƙarshe shi ya fi cin lokaci, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. Za ka ga sunayen lauyoyi huɗu a ƙasan takardar ƙara, alhali ɗaya ne ya rubuta ta, wani ya yi wa shaidu tambayoyi a gaban alƙali, na uku kuwa sau ɗaya ya leƙa kotun don neman a ɗage zama. Idan aka ba su maki iri ɗaya, kundin ya zama na ƙarya. Saboda haka na raba rawar gida huɗu, wato jagoranci, rubutu da bincike, gabatar da hujja a kotu, da riƙe wa wani zama, kuma wanda ya jagoranci shari'ar ne yake sa hannu ya tabbatar.

Rabon fannoni ma sai da ya bi yanayin aikin Katsina. Rabon gado da rikicin aure a kotunan shari'ar Musulunci suna bukatar wanda ya san fiƙihun Malikiyya, yake kuma karanta Larabci, don haka na ƙara gurbin harsuna. Shari'ar kayan da kwastan suka kama a hanyar Jibiya tana zuwa Babbar Kotun Tarayya, kamar yadda sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada. A rikicin ƙasa na bambanta fili na cikin gari, wanda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa a hannun gwamna, da gonar ƙauye da ake kafa hujjarta da shaidar mai gari da maƙwabtan iyaka, domin wanda ya goge a ɗaya ba lallai ne ya iya ɗayan ba. Ƙarar zaɓe kuwa, da ake shigarwa cikin kwana 21 a yanke cikin kwana 180, ba ta ba ofis damar laluben wanda ya taɓa yin ta.

Akwai shafi na biyu mai ɗauke da shekarar da aka rantsar da kowa a matsayin lauya, lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli, da shaidar biyan kuɗin izinin aikin lauya na shekara kafin 31 ga Maris. Sunayen waɗanda muke karewa kuwa na ɓoye su a wani jadawali mai kalmar sirri, saboda amanar da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa da kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Cika kundin ya fi tsara shi wuya. Abin da ya yi mana magani shi ne ƙa'idar da shugaba ya kafa cewa ba a mayar da fayil ɗakin ajiya sai an cika layinsa. Magatakardanmu, dattijo mai haƙuri, yakan tsaya a bakin ƙofa da fayil a hammata ya ce, “Barista, a taimaka a cika mini nan, kada maigida ya tambaye ni.” Mun kuma fara haɗa kowane layi da hoton tabbataccen kwafin hukunci, domin mai neman muƙamin SAN, wato babban lauyan Nijeriya, bayan shekara 10 da fara aiki, dole ne ya gabatar da hukunce-hukuncen shari'o'in da ya yi har zuwa Kotun Ƙoli, kuma neman tsohon kwafi a rajistara aiki ne ja.

Da layuka suka taru, sai jadawalin ya nuna abin da ba wanda ya lura da shi: wata matashiyar lauya ta fi kowa zuwa kotunan Daura da Funtuwa, amma kusan duk zuwanta na neman ɗage zama ne. Na kai wa shugaba shafin na ce, “Ranka ya daɗe, ga yadda muke amfani da yaran nan.” Tun daga lokacin, kafin a raba sabon aiki sai an duba wanda bai taɓa yi wa shaida tambaya ba, a haɗa shi da babba a shari'ar da ba ta da nauyi sosai.