Wa ya matsar mini da kejin mazan?

Talata.

Da sassafe na shiga ɗakin ɓerayen bincikena, na tarar an jera kejin manyan mazan nan dab da na ƙananan matan da na yaye makon jiya. Wannan ma da sauƙi. Garin katakon da aka shimfiɗa wa matan, daga warinsa na gane a wurin mazan aka kwaso shi. Baba mai sharar ɗakin ne. Wai rana tana dukan wancan ɓangaren ta taga, ga garin katako ya yi tsada, wanda bai jiƙe sosai ba me zai sa a zubar?

Na ce, "Baba, kun rikita mini lissafi."

Ya ce, "Haba 'yata, ɓera fa ɓera ne."

Aikina dai bincike ne kan lokacin da ɓeraye mata suke balaga. Kullum safe in ɗaga wutsiyar kowace mace in duba ko gabanta ya buɗe, don ita ce alamar farko ta balaga, in auna nauyinta in rubuta. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne, a yaye a sati 3, daga sati 6 zuwa 8 ta isa haihuwa. Sai dai ranar tana iya yin gaba ko baya. Na zaunar da Baba na ce masa tun 1967 wani masani a Amurka, John Vandenbergh, ya nuna ƙaramar mace in tana kusa da babban namiji ta fi saurin balaga, daga baya aka gano warin fitsarinsa kaɗai ya isa. In kuma aka cunkushe mata zalla a keji ɗaya, sai su jinkirta wa juna. Yunwa ma haka take yi.

Ni kuwa gadon jini nake bi. A 2012 masu bincike a cibiyar Jackson ta Amurka sun gwada dangogin ɓeraye 31, kowane da lokacinsa, kuma waɗanda sinadarin girma na IGF1 ya yi ƙasa a jininsu sun fi jinkirin balaga, sun fi tsawon rai. Ta yaya zan ga rabon jini in ba abinci ɗaya, haske ɗaya, wari ɗaya ba?

Ya saurare ni tsaf, ya gyara hula, ya ce, "To ai wannan ko a ƙauyenmu an sani. Ɗaure budurwar akuya kusa da bunsuru ki gani in ba ta riga sa'o'inta neman barbara ba. Shi ne kuke biyan kuɗin makaranta a koya muku?"

Na yi dariya har da hawaye. Bayan ya fita da tsintsiyarsa dariyar ta tafi. Ya san zancen sarai, amma bai ga ɓerayena sun kai darajar akuya ba. Haka kowa yake kallonsu a gidanmu ma.

Oga bai ɗauki waya ba. Azahar, awara da yaji. An ɗauke wuta, fankar ɗakin ta tsaya, ɓerayen suka baje kowa a kusurwarsa. Mai keke ya ƙara kuɗi daga Ƙofar Ƙaura, ban da ƙarfin ciniki.

Gwaggo ta ce kada in shigo mata ɗaki sai na yi wanka.

Wannan rukunin dai ya fita daga lissafi. Sai in sake haɗa iyayen, in jira ciki, in jira yaye, sati 6 ke nan kafin in fara duba ko ɗaya. Kuɗin abincinsu kuma daga aljihuna.