Tambarin HD a jikin wayar ofis, da inda muryar take zubewa a hanya

Sana'ata ita ce haɗa wa ƙananan kamfanoni wayoyin ofis masu bi ta intanet, kuma ƙorafin da na fi sha bayan an gama aiki bai wuce guda ɗaya ba. Sai manaja ya kira ni ya ce, malam, an ce mana murya za ta fito tangaran, ga tambarin HD nan ɓaro-ɓaro a jikin wayar, amma in muka kira abokan cinikinmu yadda muka saba jin su haka muke jin su. Yana da gaskiya. Wanda ya sayar masa da wayar ma bai yi ƙarya ba, rabin zancen ne kawai ya faɗa masa.

Kafin a fahimci abin da HD ta zo gyarawa sai an san abin da wayar gargajiya ta yanke. Sauti karkarwa ce, ana auna ta da Hz, wato sau nawa iska ta girgiza a daƙiƙa guda. Lafiyayyen kunnen yaro yana kama daga 20 zuwa wajen 20,000. Layin waya na gargajiya kuwa daga 300 zuwa 3,400 kaɗai yake ɗauka, duk abin da ya yi sama ko ƙasa da haka an datse shi. Ba rowa injiniyoyin wancan zamani suka yi ba. Suna son cusa kira da yawa cikin kebul ɗaya ne, don haka suka ba kowane kira gurbin 4,000, suka jera kira 12 a rukuni guda, suka bar wa magana iya abin da za a gane ta da shi. Da aka koma sarrafa murya da lambobi sai aka gaji wannan ƙunci kamar yadda yake. Ƙa'idar G.711 ta shekarar 1972 tana auna sautin sau 8,000 a daƙiƙa, tana tura kilobit 64, wato ma'aunin yawan bayanan da ke wucewa a daƙiƙa, kuma har gobe ita ce harshen da kusan kowace na'urar waya a duniya take ji.

Abin da aka datse daga sama shi ne ya fi cutar da kasuwanci. Baƙaƙe masu huci irin su s da f da sh, ƙarfinsu mai yawa yana can sama da 4,000, inda layi ba ya kaiwa. A cikin hira ba a lura, domin in mutum ya ce "ya fara aikin" ƙwaƙwalwa ba za ta ji "ya sara aikin" ba, sauran jimlar ta riga ta faɗa mata. Amma a ce ana karanto maka adireshin imel, ko lambar rasit mai haɗe da haruffa, babu jimlar da za ta cece ka. Nan ne ake komawa "S kamar Sani, F kamar Fati". Matuƙa jirgin sama sun daɗe da sanin wannan ciwo a rediyonsu, shi ya sa tun 1956 suke da jerin kalmomi na ƙasa da ƙasa da ke tsaya wa kowane harafi, Sierra a madadin S, Foxtrot a madadin F.

Abin da aka datse daga ƙasa kuma ya daɗe yana ba ni mamaki. Tushen murya, wato karkarwarta mafi ƙasa, na namiji babba yana tsakanin 85 zuwa 180, na mace tsakanin 165 zuwa 255. Duka biyun ba su kai 300 ba, ke nan layin waya bai taɓa ɗaukar tushen muryar yawancin manya ba. Ga shi harshenmu da karin sauti yake rarrabe kukan yaro da itacen kuka, amma muna jin bambancin a waya ba tare da wata wahala ba. Dalili shi ne kowace murya tana tafe da ninke-ninken tushenta, na biyu da na uku da na huɗu, su ne ke tsallakewa, ƙwaƙwalwa kuma ta lissafo tushen daga tazarar da ke tsakaninsu. Aiki ne take yi a ɓoye, kuma a ganina yana cikin abin da ke sa mai karɓar kira tun safe ya tashi da yamma kansa ya yi nauyi.

To HD ba wani sihiri ba ne, faɗaɗa ƙofar ce daga 50 zuwa 7,000. Kuma ba sabon abu ba ne. Ƙa'idar G.722, wadda yawancin wayoyin tebur masu wannan tambari suke amfani da ita, ta fito tun 1988. Tana auna sauti sau 16,000 a daƙiƙa, amma kilobit 64 ɗin nan dai take ci, daidai da G.711. Wato tsabtar murya ba ta buƙatar ƙarin intanet ko kaɗan. Duk dillalin da ya ce maka sai ka ƙara ƙarfin layinka saboda HD kawai, ka tambaye shi wane kodek yake nufi.

Kodek shi ne tsarin da ke dunƙule murya ta zama lambobi, a warware ta a ɗaya gefen, kuma a nan rabin zancen da ba a faɗa yake. In ka danna lamba, wayarka tana aika gayyata ta hanyar ƙa'idar SIP, a ciki ta jera kodek ɗin da ta iya, wanda ta fi so a sama. Wancan gefen ya duba, ya zaɓi wanda shi ma ya iya. In dukansu suna jin G.722, shi ke nan, murya ta fito fes. In ɗaya bai iya ba, ko wata na'ura a tsakani ba ta yarda da shi ba, sai a faɗo G.711. Kira daga tebur zuwa tebur, ko daga reshe zuwa hedkwata a kan tsari ɗaya, ba ya barin gida, don haka HD ne. Amma da zarar kiran ya fita neman lambar wani a waje, yakan ratsa mashigar da ke haɗa kamfanin da ke ba ka layi da sauran kamfanonin waya, kuma da yawan waɗannan mashigai G.711 suka sani. Abin da aka datse a nan ba ya dawowa.

Wani zai ce ai wayar hannu ma tana da HD yanzu. Tana da shi, amma da wani kodek daban, AMR-WB, sai kuma EVS da ya zo a 2014. Wayar tebur tana magana da G.722, wayar hannu da AMR-WB, kowacce murya mai faɗi a gidanta, sai su haɗu a mashigar da ba ta iya juya wannan zuwa wancan ba, su duka su sauko ƙuntataccen layi. Wasu kamfanonin sun haɗa hanyoyinsu yadda faɗin zai tsira, wasu ba su yi ba, kuma kai mai saye ba za ka ga wannan a takardar talla ba sai ka tambaya.

Akwai ma zubewar da ke faruwa tun kafin murya ta bar teburin. Na sha tarar da ofis an sayi wayoyi masu kyau, sannan ma'aikata suna magana ta wani tsohon abin kunne na Bluetooth. Tsohon tsarin kira na Bluetooth sau 8,000 yake aunawa, sai a sigar 1.6 ta ƙa'idar kiransa aka shigo da murya mai faɗi. Allon wayar zai nuna HD, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ƙuntatacciyar murya ce aka zuba masa tun daga makirufo. Haka in an bar G.722 a ƙasan jeri a saitin akwatin rarraba kira, ko an kashe shi gaba ɗaya. Wannan gyaran minti kaɗan ne.

Duk da wannan dogon bayani, ra'ayina shi ne faɗin murya ba shi ne abu na farko da ya kamata kamfani ya damu da shi ba. Ban taɓa jin abokin ciniki ya ajiye waya saboda s ba ta fito sosai ba. Abin da ke sa shi ajiyewa shi ne murya ta riƙa yankewa, ko ya yi tambaya ya ji shiru, ya sake magana daidai lokacin da amsar ta iso, su riƙa cin karo suna "ina jin ka, ci gaba", "a'a, kai ci gaba".

Intanet ba ta buɗe maka hanya taka kai kaɗai kamar yadda layin gargajiya yake yi. Ana yanka muryarka ne gunduwa-gunduwa, yawanci kowace gunduwa milisakan 20 (milisakan shi ne ɗaya bisa dubu na daƙiƙa), wato fakiti 50 a daƙiƙa, kowanne ya shiga sahu tare da imel da bidiyo da duk abin da ofishin ke turawa. In fakitin shafin intanet ya ɓace sai a sake aiko shi, ba wanda ya lura. Na murya ba a sake aikowa, domin kafin ya iso lokacinsa ya wuce. Wayar takan yi ƙoƙarin cike gurbin da abin da ya yi kama da sautin da ya gabata, kuma in ɓacewar ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba da wuya kunne ya kama. In ta haura haka, musamman in fakitoci suna ɓacewa a jere, sai ka ji gaɓoɓin kalma suna faɗuwa.

Jinkiri kuma yana da iyakarsa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta ta G.114, ta nuna cewa in tafiyar murya daga baki zuwa kunne ba ta wuce milisakan 150 ba, hira takan tafi yadda aka saba, kuma bai kamata a tsara hanyar da ta haura 400 ba. Wanda intanet ɗinsa ke bi ta tauraron ɗan adam mai tsayuwa wuri guda, can nisan kilomita 35,786, hawa da sauka kaɗai sun cinye masa kusan milisakan 240, babu wayar da za ta gyara wannan komai tsadarta. Sai dai wanda ya fi wahalar da ni shi ne rashin daidaiton isowa. Fakitoci sun tashi a jere kowane milisakan 20, sai su iso wani da wuri, wani a makare, wani ya tsallake na gabansa. Wayar tana da ɗan ma'aji inda take tara su ta jera kafin ta sake su. In an ƙara girman ma'ajin yankewa ta ragu amma jinkiri ya ƙaru, in an rage shi jinkiri ya ragu amma duk fakitin da ya makara an zubar da shi. Shi ya sa ake son bambancin isowar kada ya wuce milisakan 30.

Yawan megabit ba ya maganin wannan. Kira ɗaya na G.711 ko G.722, in an haɗa da bayanan adireshi da ke kan kowane fakiti, kilobit 80 ne da ɗan ɗoriya a kowane gefe. Kira goma a lokaci guda ba su cika megabit ɗaya ba. Amma a bar mutum ɗaya a ofis ya fara ɗora babban fayil, ko kwamfutoci su fara tura ajiyarsu ta ko-ta-kwana da rana tsaka, sai hanyar fita ta cushe, fakitin murya ya tsaya a bayan dogon sahu a cikin rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet. Alamarsa ita ce kai kana jin mutumin sarai, shi ne yake ce maka kana yankewa. Maganin shi ne a saita rauta ta gane fakitocin murya, waɗanda yawancin wayoyi suke yi wa alama da lamba 46, ta riƙa wuce da su gaba kamar yadda ake buɗe wa motar asibiti hanya. Wannan alamar a cikin ofishinka take da ƙarfi, da ta fita buɗaɗɗiyar intanet ba lallai kowa ya girmama ta ba, amma yawanci cunkoson a bakin ƙofarka yake.

Wayar tebur kuma a sa mata kebul. Wi-Fi iska ce da kowa ke rabawa, kuma ita ce babbar mai haddasa rashin daidaiton isowa a cikin gini. Kebul ɗin ma zai iya kawo wa wayar wuta, sai dai a tuna cewa layin gargajiya daga ofishin kamfanin waya yake samun tasa wutar, wannan kuwa in lantarki ya ɗauke ba batiri a jikin rauta da na'urar rarraba kebul, duk wayoyin sun mutu tare.

In za a bar ni in zaɓa, Opus nake so. An tabbatar da shi a 2012, an haɗa shi ne daga SILK na kamfanin Skype da CELT na gidauniyar Xiph.Org, yana iya tafiya daga kilobit 6 har 510, yana sauya kansa in hanya ta ƙuntata, kuma yana iya ɗora ɗan kwafin fakitin baya a kan na gaba domin cike giɓi. Shi ne ke cikin kiran da ake yi ta burauza. G.729 kuwa, mai cin kilobit 8, na zamanin da intanet ke da tsada ne, ni kashe shi nake yi sai in layin ya yi rauni ƙwarai.

Kafin kowane kamfani ya sa hannu a yarjejeniya, shawarata ita ce a karɓi layin gwaji, domin a wannan harka ji ne ya kori gani. A kira daga tebur zuwa tebur, a kira wayar hannu ta kamfanoni daban-daban, a shiga shafin bayanan kira a jikin wayar a karanta sunan kodek ɗin da aka daidaita a kai kowane karo. A karanto wa juna adireshin imel mai s da f a ciki. Sannan a sa wani ya fara ɗora babban bidiyo ana tsaka da magana, a riƙa ƙirga lambobi bi da bi, kai ka ce ɗaya shi ya ce biyu, nan take jinkirin zai bayyana. Ofishin da yawancin kiransa tsakanin rassa ne, ko taro da mutane da yawa a layi inda ake buƙatar gane wa ke magana, zai ci moriyar HD tun ranar farko. Wanda kuwa aikinsa amsa kiran jama'a ne daga waje, na kan ce masa ya ɗauki waya matsakaiciya, ragowar kuɗin ya sa a abin kunne mai makirufo mai tace hayaniya, da rauta mai iya fifita murya, da batirin da zai riƙe su in wuta ta ɗauke.