Godiya bayan saukowa daga Gangirwal

Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar aka kwance mini ɗaurin ƙafa, na taka da sanda daga ɗaki zuwa zaure. Alhamdu lillahi. Kun san abin da ya faru, faɗuwar da na yi wajen hawan dutse har na ji ciwo a ƙafa, ba zan maimaita ba, don har yanzu idan na ɗauko labarin daga farko jikina rawa yake yi.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin zuciyata. Dutsen nan, Chappal Waddi, da mutanen wurin ke kira Gangirwal, shi ne mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, can bakin iyakar Kamaru a jihar Taraba. Inda muka bi babu hanya, sai sawun shanu cikin ciyawa da duwatsu masu santsi. Bayan na faɗi, jagoranmu ya sauka neman taimako, hazo ya rufe mu har ba na ganin abokin tafiyata da ke zaune kusa da ni. Wanda ya tashi cikin zafin Sakkwato bai san irin sanyin nan ba, hunturunmu ko kusa. Haƙorana na kaɗawa, ina ta maimaita kalmar shahada, na riga na sallama.

Cikin wannan duhun wani yaro makiyayi ya iso, ba zai wuce shekara 15 ba. Ya cire bargon da ke jikinsa ya lulluɓe ni, ya zauna ya jingina bayansa da nawa, daga shi sai riga 'yar shara. Na ce ya karɓi abinsa, ya girgiza kai. Hausarsa kaɗan ce, Fillancina bai wuce gaisuwa ba, haka muka kwana, ina jin yadda sanyi ke kaɗa shi ta bayana. Da asuba manyan rugarsu suka zo da doki. Wata tsohuwa ta riƙe mini kai ta ba ni madara mai ɗumi a ƙwarya, tana ce mini "ɗana". Ko sunan yaron ban tambaya ba, wannan yana ci mini rai.

Ya Allah Ka raya shi, Ka albarkaci garkensu, Ka tsare su daga cuta da ɓarayin shanu. Yadda ya rufa ni a daren nan, Ka rufa masa asiri duniya da lahira, shi da iyayen da suka haife shi.

Jagoranmu da ma'aikatan gandun dajin Gashaka Gumti, da ma'aikatan jinyar da suka karɓe ni a Gembu, Allah Ya saka muku da alheri. Na san Yayana ba ya son a ambace shi, Yaya ka yi haƙuri: kai ka baro kasuwarka ka yi kwana biyu a mota, ta Jalingo da Serti, ka hau tsaunin Mambila don ka ɗauko ni. Gwaggona ta Mabera da ba ta rasa aiko fura ba ko rana ɗaya. Liman da jama'ar masallacin unguwarmu da suka yi ta addu'a. Inna kuwa, da aka shigo da ni, ta daɗe riƙe da ƙafar kafin ta ce, "Mi kaka biɗa bisa dutsi?" Sai ta fashe da kuka. Inna, ki gafarce ni.

Akwai wanda ya taso tun daga Wurno don ya ce mini sannu. Akwai kuma 'yan uwa na jini da tsakaninmu bai wuce kuɗin kabu-kabu ba, sati bakwai ko waya. Na yi musu uzuri, amma na ji ciwon abin.

Bargon yana wurina, an wanke an ninke. Duk wanda ya san mai zuwa Gembu ko Nguroje, don Allah ya yi mini magana, jagoranmu ya san rugar. Ina so in mayar masa da shi, da ɗan abin da ya sawwaƙa.