Talata: saƙon kad rida ya iso daga Kano

Tun bayan sallar asuba nake shago da hotunan bikin ƙarshen mako, memori biyu cike taf. A ƙauyenmu na gefen Ringim sola ce ke riƙe da shago, kuma da daminar nan in gari ya wuni da hadari batir ba ya cika. Saboda haka duk mintin da laftof ta yi a kunne ina jin sa a jikina. Kad ridan da nake aiki da shi, wato 'yar na'urar da ake sa memorin kamara a ciki don kwashe hotuna zuwa kwamfuta, irin marasa sunan nan ne masu ramuka da yawa, kuma kwanan nan ya tsiro da wani hali: ana tsakiyar kwafi sai ya katse, kwamfuta ta ce ba ta ga memori ba. Da ya yi haka yau gabana ya faɗi ƙwarai, domin ɗaurin aure ba a cewa jama'a su dawo a sake ɗauka. Na zare memorin na adana, na ce ba zai ƙara shiga cikinsa ba.

Da hantsi na kira ɗan yayata da ke zaman shago a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ya buɗe bidiyon WhatsApp yana ɗago min su ɗaya bayan ɗaya.

"Kawu, ga wannan, kowane irin memori yana ci, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi."

Na ce, "Ajiye shi, ɗana, irinsa ne ya sa na kira ka. Juya min kwalin wancan in ga abin da aka rubuta."

Abin da nake nema a jikin kwali shi ne USB 3.0. Tsohon tsari, wato USB 2.0, iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, kuma a aikace da wuya ya wuce megabayit 30 zuwa 40 a daƙiƙa (megabit takwas ne megabayit ɗaya). Shi kuwa 3.0, wanda ya fito a 2008, hanyarsa ta kai gigabit 5. Daga baya an sauya masa suna, wani kwali za ka ga 3.1 Gen 1, wani 3.2 Gen 1, duk gudunsu ɗaya, kada mai shago ya ƙara maka kuɗi a kan suna. Lissafin a fili yake. Memori mai gigabayit 32 in ya cika, a kan megabayit 30 zai ci minti 18, a kan 90 kuwa minti 6 ya ishe shi. Mutumin birni zai ce minti 12 ne kawai bambancin. A nan wajenmu, memori biyu ko uku a jere, cajin da zan gyara hotuna da shi ne ke tafiya.

Na sa shi ya haska cikin bakin USB ɗin da fitilar waya. An saba yi wa 3.0 shuɗin harshe, amma launi abu ne mai sauƙin kwaikwayo. Na gaskiya yana da 'yan ƙarafa tara, huɗu a gaba, biyar can ciki, alhali 2.0 huɗu kaɗai gare shi. Yaron ya ce shi ma yau ya fara lura da wannan, kuma na ji daɗi, don zai amfani wasu masu saye.

Sai ya ɗauko wani mai tsada ya ce UHS-II ne, wato na sabon tsarin memori mai sauri. A nan na ɗan tsaya, don raina ya biya. Memorin UHS-II yana da layi na biyu na ƙarafa a bayansa, kuma gudunsa na iya kaiwa megabayit 312. Amma nawa duk UHS-I ne, layi ɗaya, tsarin da iyakarsa 104. In na sa su a mai tsadar za su yi aiki, sai dai ba za su wuce ƙarfinsu ba. Kamar ban ruwa ne a fadama, komai girman injinka, in tiyo siriri ne ruwan da zai fito ke nan. Alamar V30 da ke jikin memorina ma magana ce ta rubutawa, wato ba ya gaza megabayit 30 lokacin ɗaukar bidiyo, ba ita ke nuna saurin kwashewa ba. Na ce ya mayar da shi har ranar da Allah ya hore min kamara da memorin da suka dace da shi.

Abin da ya rage na siffa ne, kuma a ganina nan aminci yake. Na fi son mai ɗan guntun kebul a kan wanda ake cusawa kai tsaye, saboda shago ne, yara na shiga da fita, hannu ɗaya ya buge shi sai ramin laftof ya yi sako-sako. Ramuka biyu sun ishe ni, na babban SD da na microSD, tunda mutanen gari kan kawo memorin waya a wanke musu hoto. Na kuma ce ya tabbatar an rubuta SDXC, domin memorin da ya haura gigabayit 32 wannan ajin ne, kuma tsofaffin rida ba duka ke gane shi ba. Ya lissafo min Transcend, Kingston, SanDisk da Ugreen. Na zaɓi wanda ya zo da ɗan kan da ke shiga USB-C, na roƙe shi ya gwada a kwamfutar shagonsu da babban fayil kafin ya naɗe. Ya kai wa direban garinmu a tashar Yankaba.

Bayan la'asar saƙo ya iso. Na sa shi a ramin laftof mai alamar SS, don in ka sa a ɗaya ramin na 2.0 kuɗinka ka zubar. Gudun ya haura 80 ya zauna a nan, bai katse ba, jikinsa ɗumi kawai ya yi. Kafin a kira magariba memori biyun sun shiga kwamfuta, na kuma yi wani kwafin a had dis ɗin waje. Wallahi sai a lokacin na ji yunwa.

Na zaunar da yaron shagona na nuna masa yadda nake so daga yau. Kwafi zai riƙa yi, kada ya yanke hotuna daga memori. Ya tura ɗan makullin gefen memorin ƙasa kafin ya sa, yadda kwamfuta ba za ta rubuta komai a kai ba. Kada ya fizge sai ya sallami memorin daga kwamfuta tukuna. Gogewa kuma a cikin kamara ake yi, bayan na buɗe hotunan na gani da idona a wuri biyu.

Bayan isha uwar amarya ta aiko ƙanin amaryar da waya, wai a sa mata ko kaɗan ne ta nuna wa 'yan'uwan da za su koma Gumel da safe. Na maƙala kan USB-C ɗin a wayar, shiru. Sai da na shiga saiti na kunna OTG, wato abin da ke sa waya ta karanta na'urar da aka maƙala mata, don wasu wayoyin a kashe yake zuwa, sannan hotunan suka bayyana. Na zaɓar mata na kamu da na kai amarya, na ce ya gaida Hajiya, ya faɗa mata sauran sai na gama gyaran launi.