Godiya bayan fitowar takardar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi, takardar haƙƙin Baba na raunin da ya ji a aikin soja ta fito. Kwamitin likitoci ya sake zama, an yarda cewa raunin ƙugunsa da mutuwar kunnensa na hagu duk a bakin aiki suka same shi, an gyara masa kason naƙasa, shekaranjiya da hantsi kuma alat na bashin baya ya shigo wayarsa. Tun da labari ya bazu gidanmu na Mabera a Sakkwato bai rabu da 'yan barka ba, yanzu haka ido na rufewa nake wannan rubutu. Wanda ya kira ban ɗauka ba, don Allah ya yafe mini, gajiya ce.

Ba sai na maimaita muku abin da kuka sani ba, da ku aka yi komai. Kun tuna takardar farko da ta ce wai babu shaidar cewa a fagen daga ya ji rauni. Kun tuna zuwanmu Abuja a farkon 2023, lokacin da takardar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na shayi a tasha. Aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na shekarar, kuɗin mota ya tashi, mu kuma zirga-zirga ba ta ƙare ba. Duk fitar da za mu yi, da mun wuce Gusau muka doshi Tsafe sai motar ta yi tsit, kowa na jan carbi. Wannan duk ya wuce.

Dare ɗaya ne ya ƙi fita raina. Cikin zafin nan na bazara ne, babu wuta, kowa ya fito tsakar gida da tabarmarsa. Bayan isha'i Baba ya ce, "Kai, zo nan." Ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. Na durƙusa ta ɓangarensa na dama, don ta nan yake ji. Ya jawo fayil ɗin nan mai ruwan ƙasa daga ƙarƙashin matashi, wanda takardar sallamarsa da hotunan ƙashi suke ciki, ya ɗora mini a hannu. Ya ce, "In ta Allah ta kasance, kak ka bar wagga takarda. Ba don kuɗi ba. Ban son a ce wa jikokina ƙarya ni yi." Hannunsa na rawa. Inna tana bakin ƙofar ɗaki tana jinmu, ba ta ce uffan ba, sai ta koma ciki. Ranar na gane abin da ke cin Baba. Mutumin da ya bar jininsa a ƙasar wasu, a rubuta masa cewa babu shaida. Ban runtsa ba har aka kira assalatu, ina ta leƙa shi in ga ko ƙirjinsa na motsi.

Baba ya ce kada in ware kowa wajen godiya, wai wanda ya yi don Allah ba ya son a faɗa. Baba, ka gafarce ni, yau zan saɓa maka sau ɗaya. Ba zan iya yin shiru a kan Baba Sajan na Zuru ba.

Ta hannun dattawan ƙungiyar tsofaffin sojoji muka same shi. A taron tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu wani tsoho ya ji lambar bataliyar Baba, ya ce ya san mutum ɗaya da ya rage daga cikinsu. Aka yi ta cigiya har aka samo lambar wayar ɗansa. Ni da na kira, abin da na roƙa kawai shi ne ya aiko mana da rubutu ko layi biyu. Baba Sajan ya ce a'a, maganar Kofur, wato Baba, ba ta waya ba ce. Bayan kwana huɗu, ana cikin azumi, sai ga wani dattijo dogo a ƙofar zaure, ido ɗaya ya yi fari da yana, takalminsa duk ƙura, riƙe da 'yar jakar leda. Bai jira an yi masa iso ba ya ɗaga murya, "Kofur!" Wallahi Baba da sai an kama shi yake tashi, ya dafa bango ya miƙe da kansa, sanda ta faɗi, ya ƙame. Suka tsaya suna kallon juna. Sai Baba Sajan ya miƙa yatsa ya taɓa ƙugun Baba ta saman riga, daidai inda tabon yake, ba tare da kowa ya nuna masa ba. Ya ce, "Nan ne. Ni na ɗaure shi da rigata."

Daga bakinsa muka ji abin da Baba bai taɓa faɗa mana ba. Suna cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Saliyo lokacin da 'yan tawaye suka kutsa Freetown, babban birnin ƙasar, ranar 6 ga Janairun 1999. A waɗannan kwanaki ne ɓarɓashin bam ya sami Baba. Watan azumi ne a shekarar, Baba na kwance jini na zuba amma ya datse baki ya ƙi shan ruwa. Baba Sajan Kirista ne. Ya ce shi ya matse masa baki ya ɗura masa, yana cewa, "Sha, Allah ya ga jinin nan." Ya goya shi har inda aka kwashe masu rauni zuwa Lungi. A cikin jakar ledar nan akwai wani ɗan littafi da takardunsa suka yi ja saboda tsufa, inda ya rubuta sunaye da lambobin yaransa da aka raunata da waɗanda ba su dawo ba. Sunan Baba na nan da lambarsa, da biro shuɗi. Shekara ashirin da wani abu yana ajiye da shi, babu wanda ya sa shi.

Washegari ya bi mu kotu ya yi rantsuwa, ya sa hannu. Kwana biyu ya yi a gidanmu, Inna ta yi ta aika masa da abincin rana yana mayarwa, ya ce ba zai ci a gidan masu azumi ba sai an sha ruwa. Da zai tafi na bi shi tasha na cusa masa kuɗin mota a aljihu, ya ciro ya danƙa mini, ya ce, "Ɗana, ka sai wa Kofur magani." Daga baya ɗansa ya faɗa mini buhun dawa ya sayar ya yi kuɗin zuwa, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Wannan rantsuwa da ɗan littafin su suka sa aka sake buɗe fayil ɗin. Baba Sajan, ba ni da bakin gode maka. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya sa 'ya'yanka su ji ƙanka fiye da yadda ka ji ƙan mahaifinmu.

Malam Liman na masallacin layinmu, wanda bai taɓa gajiya da sa Baba cikin addu'a ba, mun gode. Mai kemis na bakin titi da ya riƙa ba mu maganin ciwon ƙafa bashi, bai taɓa aiko yaro tambaya ba, jiya na je na biya har yana cewa in bari sai an huta. Direban da yake ajiye wa Baba kujerar gaba don ya miƙe ƙafa. Wata baiwar Allah ma'aikaciya da ta ga Baba a layi rana na dukansa ta fito masa da kujerarta, ko sunanta ban sani ba. Da Inna, wadda ta sayar da awakinta biyu ba ta faɗa wa kowa ba sai da na ga turke wayam. Inna, Allah ya ba ni ikon rama miki ko kaɗan ne.

Akwai kuma na jini da muka sa ran ko sallama ta waya, shiru. Lokacin da Baba ya dawo daga Saliyo da 'yar tsaraba zauren nan bai ishe su zama ba. Jiya na ga wasu daga cikinsu, mun shimfiɗa musu tabarma, mun karɓi barkarsu. Baba ya ce a bar maganar, na bari.

Ya Allah, kai ka ga daren nan, kai ka kawo mana mafita ta inda ba mu zata ba. Ka ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ka sa abin da ya samu ya zama mai albarka. Ka jiƙan waɗanda sunayensu ke cikin ɗan littafin nan da ba su dawo gida ba, ka dubi marayunsu da matansu. Tsofaffin da muka bari a layi da fayil a hammata, wasu da sanda, wasu jikoki ke jan su, Allah ka kawo musu ɗauki tun suna da rai, ka sanya tausayinsu a zuciyar duk wanda takardarsu za ta bi ta hannunsa. Ka kawo mana zaman lafiya a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da ƙasa baki ɗaya. Amin ya Rabbi.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gida, duk wanda ya samu hali ya zo. Baba kuma ya kafe sai an kai shi Zuru da takardar, yana so ya nuna wa Sajan da hannunsa. Na ce ya bari ƙafar ta ɗan lafa, ya ce mako mai zuwa.