Ashe ɓarawon wutar a kicin yake

Jiya ne karon farko cikin wata biyu da inbatata, na'urar da ke mai da wutar batir ɗin sola ta zama irin ta gida, ta kai wayewar gari ba ta yi kukan nan mai ban haushi na batir ya yi ƙasa ba. Saboda sabo na farka ƙarfe huɗu, na kasa kunne, shiru, fanka sai juyawa take. Sai da na je na leƙa allonta don in tabbatar ba mutuwa ta yi ba.

Masu bin aikin nan sun san kayana: fanel ɗin sola huɗu masu wat 400 kowanne, da batir biyu masu ruwa na 200Ah haɗe a 24V. A takarda kilowat-awa 4.8 ke nan, amma rabi kawai ake taɓawa in ana son su yi ƙarko. Ni kuwa kullum sai na zarce, har na kashe na farko cikin shekara ɗaya da rabi. Kuɗin sabbin har yau yana mini ciwo.

Da na yi niyyar ƙaro fanel biyu da wasu batir biyun. Allah Ya taimake ni wani abokina ya ara mini 'yar mitar nan da ake sawa tsakanin soket da na'ura. Na ɗaura wa tsohon firjina ita. Awa 24, ya sha kilowat-awa 2.3! Na ce ƙarya ne, na sake gwadawa, haka ɗin dai. Kusan rabin abin da batir ke iya ba ni, shi kaɗai ke lashewa da dare.

Na maƙala takarda a ƙofarsa na rufe, na ja, ta zare salin alin. Robar bakin ƙofar ta saki, sanyi na tsiyayewa, kwamfuresa, injin da ke sanyaya shi, ba ya hutawa. Bayansa kuma ƙura ta yi kauri a kan bututun da ke fitar da zafi, ga shi na manne shi da bango. Kwana uku ina fama da sabuwar roba, ta ƙi zama a kusurwar ƙasa, sai da na jiƙa ta a ruwan ɗumi ta yi laushi. Na goge bayan, na janyo shi daga bango kamar taƙi ɗaya. Yanzu 1.4 yake sha.

Lissafin da na ƙi yi tun farko ke nan. Fanel ɗaya yana ba ni kusan 1.5 a yini, amma da rana. Kafin in mori wutar da dare sai ta shiga batir ta fito, a yi asara a shiga, a yi a fita, kuma batir shi ne mai tsadar da ke mutuwa. Sola ba ta yi laifi ba, ni ne na auna ta da ɓarnar gidana. Robar ko kusa da kuɗin fanel ɗaya ba ta kai ba.

Saura inbatar kanta, wadda ke cin wat 40 ko ba a kunna komai ba. Na sa ta a yanayin tsimi, sai ta daina ganin cajar waya. Wanda ya shawo kan wannan ya taimaka mini.